Hoton baƙi da fari a Legas: daga gwangwanin madara zuwa wanki da kofi

Ka tsaya a kasuwar Mile 12 ka dubi kwandon jan tumatir kusa da tarin koren alayyafo. A ido, sun bambanta kamar dare da rana. Ka ɗauke su a baƙi da fari ba tare da shiri ba, sai su fito toka kusan iri ɗaya, ka rasa inda tumatir ya ƙare ganye ya fara. Fim ba ruwansa da launi, yawan hasken da ya dawo daga jikin abu kawai yake aunawa. Wanda zai yi hoton gwaji, wato ya motsa kyamara da gangan, ya ɗora hoto kan hoto, ko ya wanke fim da kofi, dole ya fara sanin wannan, ya kuma san cewa gwaji ba caca ba ne. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, a rubuta shi, a ga abin da ya haifar. In ka sauya fim da sinadari da zafin ruwa duk a rana ɗaya, ko hoton ya yi kyau ba za ka iya maimaita shi ba. Saboda haka kafin kyamara, ka sayi ƙaramin littafi na aljihu. Kowane ɗauka ka rubuta lambarsa, ƙarfe nawa, yanayin sama, ƙofar haske (faɗin ramin da haske ke shiga, lambar f), saurin ƙiftawa (tsawon lokacin da kyamara ke buɗe wa haske).

Zaɓen abin da za ka bi

J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya yi aikinsa a nan Legas har rasuwarsa a 2014, ya fara ɗaukar kitson mata a 1968, ya tara hotuna kusan 1000. Yawancinsu daga baya ko daga gefe ya ɗauka, bayan hoton fayau babu komai, don kitson ya tsaya kamar sassaƙa. Darasin da ke ciki shi ne ƙuntata wa kai. Ka ɗauki abu ɗaya ka yi wata uku a kansa: ƙahonin shanu a mayankar Oko-Oba da ke Agege, buhunan albasa, inuwar ƙarafan gadar masu tafiya a ƙasa, takalman da aka jera a ƙofar masallaci ranar Juma'a. Wanda ba ya son ɗaukar fuskar mutum, wannan fanni ya ba shi fili sosai, domin inuwa da siffa da motsi su ne jarinsa. In kana son ganin littattafan hotuna da idonka, cibiyar fasahar zamani ta CCA da marigayiya Bisi Silva ta kafa a Yaba a 2007 an san ta da ɗakin karatun fasaha, kuma bikin LagosPhoto yana gudana tun 2010.

Kaya ba su da yawa. Tsohuwar kyamarar fim 35mm da ake saitawa da hannu, irin Pentax K1000 ko Nikon FM, da gilashi 50mm. Kafin ka biya, ka buɗe bayanta ka duba soson da ke tare haske ko ya narke ya zama danƙo, ka haska tocila ta cikin gilashin ka duba ko akwai farin zare kamar yanar gizo-gizo. Wannan naman gwari ne da danshi ke haifarwa, kuma yana cin rufin gilashi. Fim kuwa, Ilford HP5 Plus ko Kodak Tri-X, dukansu ISO 400 (lambar da ke nuna saurin fim wajen karɓar haske), suna yafe kuskure. In wani zai taho maka da shi daga waje, ya roƙi a duba shi da hannu a filin jirgi, don sababbin na'urorin CT suna yi wa fim hazo ko da wucewa ɗaya ne. Ka ajiye shi a firij cikin leda mai zif, ka fitar da shi awa 2 kafin ka buɗe, don kada ya yi gumi.

Auna haske

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma akwai ƙa'idar da ke taimaka wa ido. A rana tsaka mai ƙarfi, ƙofar haske f/16, ƙiftawa kusa da lambar fim, wato 1/500 na daƙiƙa ga ISO 400. Hazon hunturu ko gajimare mara kauri, f/11. Hadari ya haɗu, f/8 ko f/5.6. Cikin rumfar kasuwa, f/4 ko ƙasa.

Ma'aunin da ke cikin kyamara yana ƙoƙarin mayar da duk abin da ya gani toka matsakaiciya. Dattijo cikin farin kaftani da farar hula a rana, ma'auni zai ga fari ya rage haske, kaftani ya fito toka, fuska ta nutse baƙi ƙirin babu ido babu hanci. Maganinsa ka matsa kusa, ka auna inuwar da kake son a ga abin da ke cikinta, sannan ka rufe mataki 2 daga abin da ma'aunin ya ce (kowane mataki yana raba haske biyu, kamar daga f/8 zuwa f/11). Hanya mafi sauƙi a ranar Legas mai zafi: ka saita ISO na kyamara a 200 ga fim ɗin 400, ka rage lokacin wanki da kusan kashi 20 cikin 100. Ƙarin hasken yana cika inuwa, ragin wankin yana hana fari ƙonewa.

Matsalar tumatir da ganye, filta ce ke warware ta, wato gilashi mai launi da ake sa wa a gaban gilashin kyamara. Filta tana haskaka launinta, ta duhunta kishiyarsa. Ja tana mayar da tumatir kusan fari, ganye da shuɗin sama su yi duhu, rawayar danfo ta haskaka har baƙin layinta ya fito kamar an zana da gawayi. Tana cin mataki 3 na haske. Ruwan lemo na cin kusan 2, rawaya 1. Ja tana kuma haskaka fata ta shafe tabonta, kore na ƙara mata duhu da fito da zanenta. Ka ɗauki abu ɗaya sau biyar, babu filta sannan da kowace ɗaya. Wannan darasi ɗaya ya fi karatun mako.

Motsi da lokaci

Don mutane su zama kamar hayaƙi gine-gine su tsaya daram, kana buƙatar madogarar kyamara mai ƙafa uku da ƙiftawa tsakanin 1/4 da daƙiƙa 2. Da rana haske ya yi yawa, sai da baƙar filta mai rage mataki 10, wadda ke mayar da 1/125 daƙiƙa 8. Da wannan, ruwan lagun yana kwanciya sumul kamar madara. Ka lura gadojin masu tafiya a ƙasa suna rawa idan tirela ta wuce, sai ka jira tsakanin manyan motoci. Kan gadar Third Mainland ba wurin tsayawa ba ne ko kaɗan. Daga bakin ruwa ake ɗaukarta, misali gefen jami'ar Legas a Akoka.

Akwai tarkon da ke kama kowa a nan. Idan ɗauka ta wuce daƙiƙa 1, fim yana yin kasala, ba ya tara haske yadda lissafi ya nuna. A HP5, in ma'auni ya ce daƙiƙa 10, ka ba shi 20. In ya ce 30, ka ba shi kusan 85. Wanda bai yi wannan gyara ba zai ga nagetif ɗinsa, wanda tsofaffin masu hoto ke kira dodon hoto, ya fito fayau kamar leda.

Motsa kyamara da gangan kuwa, a 1/8 zuwa 1/2 ake yi. Ka fara motsin kafin ka danna, ka ci gaba bayan ta rufe, kuma ka bi layin abin: sama zuwa ƙasa ga turakun gidajen Makoko da bishiyoyin kwakwa, hagu zuwa dama ga bakin teku. A fim mai hoto 36, in biyu sun yi kyau ka ci riba. Ɗora hoto kan hoto ma yana da lissafinsa: kowanne ka rage masa mataki 1. Hoto na biyu yana bayyana ne a inda na farko ya yi duhu, don haka ka fara da inuwar mutum ko bishiya a gaban farin sama, sannan ka cika ta da zanen tabarma ko ɗinkin hula. In kyamararka ba ta da maɓallin wannan, ka ja marikin mayar da fim har ya ɗame, ka riƙe shi, ka danne ƙaramin maɓallin da ke ƙasan kyamara, sannan ka ja hannun da ke tura fim gaba.

Wanki a zafin Legas

A nan ne yawancin fim ke lalacewa, kuma dalilin ɗaya ne. Lokutan da kamfanoni ke bugawa na ruwa mai digiri 20 ne, ruwan tankin kan rufi a Legas kuwa yakan kai 28 zuwa 30, da yamma ma ya fi haka. Kowane digiri ɗaya na ƙarin zafi yana gaggauta wanki da kusan kashi 10 cikin 100. In ka yi amfani da lokacin digiri 20 a ruwa mai 29, dodon zai fito baƙi mai kauri, tsakinsa manya, wuraren haske duk sun toshe. Ido ba zai gaya maka zafin ruwa ba, ma'aunin zafi dole ne.

Abin da za ka tanada: tankin wanki da kwarkwaronsa, baƙar jakar sa fim, ma'aunin zafi, kofin awo, roba mai faɗi, safar hannu, sinadarin fito da hoto irin ID-11 ko D-76, da fiksa mai tsayar da shi. Tankin Paterson yana shan mililita 290 ga fim 35mm ɗaya. Ruwan burtsatse a wasu unguwanni yana da ƙarfe ko gishiri ko yashi, don haka ka haɗa sinadari da ruwan leda, wasu masu sanyi wasu ba sanyi, kana gaurayawa har ka sami digirin da kake so. Kada ka jefa ƙanƙara cikin sinadari, za ta tsinka shi. Cikin robar da kwalaben za su zauna ake zuba ta.

Sa fim a kwarkwaro yana wahala a damina, domin hannu na gumi cikin jaka, fim ya yi laushi ya manne. Kwarkwaron ya bushe ƙayau, ka wanke hannu da ruwan sanyi ka goge, ka yanke kusurwoyin bakin fim, ka yi aikin da sassafe. Ka yi atisaye da mataccen fim sau 10 ido rufe kafin ka taɓa na gaske.

HP5 a ID-11 da aka gauraya rabi sinadari rabi ruwa yana ɗaukar minti 13 a digiri 20, kusan minti 9 a digiri 24. Riƙe 24 ya fi sauƙi a nan, kuma sakamakonsa ba laifi. Kada dai lokaci ya gaza minti 5, wankin ba zai daidaita ba. Ka zuba, ka kifa tankin ka miƙe sau 4 cikin daƙiƙa 10 na farko, ka buga gindinsa a tebur don kumfa ta tashi, ka maimaita a farkon kowane minti, tsakani kuma tankin ya zauna cikin robar ruwan sanyi. Lokaci ya cika, ka zubar, ka ɗauraye da ruwa sau 2, sannan fiksa kashi 1 cikin ruwa kashi 4, minti 3 zuwa 5. Gwajin fiksa: ka jefa guntun bakin fim a ciki da haske, ka ga minti nawa ya yi kafin ya washe, ka ninka lokacin biyu. In lokacin washewa ya ninka na ranar da ka haɗa ta, ta mutu. Ɗauraya ta ƙarshe ba ta buƙatar famfo: ka cika tanki ka kifa sau 5 ka zubar, ka cika ka kifa sau 10, ka sake sau 20. Duk ruwan nan ya kasance kusa da zafi ɗaya. Fim da ya fito daga digiri 20 aka watsa masa ruwa mai 32 fatarsa na iya tsattsagewa kamar ƙasar fadama da rani. Wasu suna neman wannan tsagar da gangan, da ruwan ɗumi sannan na ƙanƙara, amma finafinan zamani suna da tauri, tsofaffin nau'o'i irin Fomapan sun fi saurin amsawa.

Ka rataye shi a banɗaki, ƙofa rufe, da ɗan nauyi a ƙasa. Ban da fanka, musamman a hunturu, don ƙura in ta manne a jiƙaƙƙen fim ta zauna ke nan. Tsohuwar fiksa tana ɗauke da azurfa, kada ka zuba ta a kwata. Ka tara a jarka mai alama, nesa da yara, kuma kwanon da ya taɓa sinadari kada ya koma kicin.

Kofi a madadin sinadari

Ana iya fito da hoto da kofin da mai shayi ke sayarwa. Ga mililita 300 na ruwa: giram 16 na soda ash, giram 5 na garin bitamin C, giram 12 na kofi mai narkewa. Soda ash shi ne wanda masu haɗa sabulun ruwa ke saye wurin 'yan kemikal. Ka tabbata ba kostik soda aka ba ka ba, wannan yana ƙona fata kuma yana narkar da fuskar fim. In ba ka samu ba, ka gasa giram 26 na bakin soda a tanda mai digiri 200 na awa 1, zai koma kusan giram 16 na abin da kake nema. Kanwa tana da irin wannan gishiri, amma ƙarfinta yana bambanta daga dunƙule zuwa dunƙule kuma akwai yashi a ciki, don haka ba za ka iya maimaita sakamakonta ba. Kofi kuwa, mafi araha ya fi aiki, amma ban da wanda aka haɗa da madara da sukari.

Tsarin narkarwa yana da muhimmanci: soda tukuna har ruwa ya washe, sannan bitamin C, zai ɗan yi kumfa, sannan kofi. Ka bar shi minti 5 ya lafa, ka yi amfani da shi cikin rabin awa. Minti 15 a digiri 20 ga fim mai ISO 100. Yana da wari, ka buɗe taga. Dodon yakan fito da ɗan ruwan ƙasa da laushin toka mai daɗin gani. A fim mai ISO 400 yana yin hazo, sai an ƙara ɗan potasiyam buromaid, kusan giram 1 a lita. Sikelin da ke auna giram dole ne, cokali yana yaudara. Kuma kofi bai maye gurbin fiksa ba, ita ba ta da madadi a kicin.

Gwangwani da takarda

Kyamara mafi araha ita ce gwangwanin garin madara mai faɗin kusan santimita 10. Ka shafe cikinsa da baƙin fenti mara ƙyalli, har da murfin. Ka huda ramin santimita 1 a tsakiyar gefensa. Ka yanko ɗan falle daga gwangwanin lemo, ka ɗora shi kan kwali, ka murza bakin allura a hankali har ya ɗan leƙa, ka goge bayan da takardar yashi mai laushi. Ramin da ake so kusan milimita 0.4 ne, zagaye sumul. In ya yi girma hoto ya yi dishi-dishi, in ya yi ƙanƙanta sosai ma haka. Ka manna fallen a kan babban ramin da baƙin tef, wani guntun tef ɗin ya zama murfin ido.

A ɗakin duhu ƙarƙashin jar fitila, ka lanƙwasa takardar hoto a bangon da ke fuskantar ramin, fuskarta mai ƙyalli tana kallonsa. Wannan ramin yana daidai da kusan f/250, takarda kuma ƙarfinta bai wuce ISO 3 zuwa 6 ba, don haka a rana tsaka daƙiƙa 40 zuwa 80, a gajimare minti 3 zuwa 5. Ka ɗora dutse a kan gwangwanin kada iska ta motsa shi. Masu wucewa ba za su fito ba, sai wanda ya zauna, kamar mai gyaran takalmi a bakin titi. Takarda ba ta ganin ja, saboda haka jan abu yana fitowa baƙi, sama kuma fari fat. Hasken safe ko ranar hazo ya fi dacewa da ita. Wankinta: sinadarin Ilford Multigrade kashi 1 cikin ruwa 9, minti 1, ɗauraya, fiksa minti 1, ruwa minti 2 ga takarda mai rufin roba. Abin da zai fito dodo ne. Ka ɗauke shi da waya ka juya launinsa, ko ka kifa shi kan sabuwar takarda ka danne da gilashi ka haska.

Ka gwada jar fitilarka kafin ka amince da ita. Ka ajiye kwabo a kan takarda minti 5 a ƙarƙashinta, ka wanke. In siffar kwabon ta bayyana, fitilar tana lalata maka takarda. Jan allon waya ba abin dogaro ba ne.

Da wannan takarda za ka iya yin hoto babu kyamara sam, irin aikin da mai fasaha ɗan Amurka Man Ray ya shahara da shi a Paris daga 1922. Ka jera abubuwa a kanta, ka kunna ƙaramin ƙwan fitila daga nisan mita 1 ko fiye, ka kashe, ka wanke. Da farko ka gwada siririn yanki: daƙiƙa 2, 4, 8, 16, ka zaɓi mafi ƙarancin lokacin da ya ba da baƙi sosai. Abin da haske ba ya ratsawa, kamar makulli, farar siffa kawai yake bari. Daɗin aikin yana cikin abin da haske ke ratsa rabinsa: leshi, gyale, carbin gilashi, furen zoɓo da aka jiƙa, bawon albasa, ledar ruwa da sauran ɗigo a ciki. Carbin gilashi yana tara haske a tsakiyar kowane ɗa, sai ka ga farin zobe da baƙin ɗigo a ciki, jere kamar idanun kifi. In ka ɗaga wani abu a kan gilashi santimita 2 sama da takarda, gefensa zai yi laushi, na ƙasa ya tsaya da kaifi, hoton ya sami zurfi.

Mataki na gaba shi ne haska takarda tana tsakiyar wanki. Bayan daƙiƙa 40 a cikin sinadari, ka daina girgiza tiren, ka kunna fitila mara ƙarfi daƙiƙa 1 ko 2, ka bar ta wasu daƙiƙa 30. Wuraren fari suna juyewa toka mai ƙyallin azurfa, siririn farin layi ya zagaye gefen abubuwa. In duk takardar ta yi baƙi, hasken ya yi yawa, ka nisantar da fitilar maimakon rage lokaci. Hoton da baƙinsa da farinsa suka yi nisa da juna ya fi karɓar wannan.

Karanta dodo

Rubutun da ke gefen fim shi ne shaidarka, don daga masana'anta aka haska shi. Hoto ya fito fayau amma rubutun baƙi sosai, laifin ɗauka ne, haske ya yi kaɗan. Hoto da rubutu duk sun koɗe, laifin wanki ne: sinadari ya tsufa ko lokaci ya gaza. Fim fayau babu ko rubutu, an zuba fiksa kafin sinadarin farko. Fim kamar madara, fiksa ba ta gama ba, ka mayar da shi cikin sabuwa, yana gyaruwa. Layuka masu gangarowa daga ramukan gefe, girgiza ce ta yi yawa ko ta yi kaɗan. Ƙananan fararen ɗigo zagayayyu a jikin dodo, kumfa ce, ba ka buga tanki ba. Baƙin tabo da ya ƙetare har gefen fim, haske ne ya shiga ta bayan kyamara. Busassun dodanni su shiga rigarsu, cikin roba mai murfi da ƙunshin silika mai shanye danshi, tare da gilasan kyamara, kana busar da silikar a tanda duk lokacin da launinta ya sauya.

Mai kyamarar zamani ko waya zai iya bin yawancin wannan. Ya ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da ke riƙe da duk launuka, allon yana nuna baƙi da fari, sannan a manhajar Darktable ko Lightroom ya ɗaga ja ko ya sauke shuɗi, daidai aikin filta.

A kasuwa kuwa, sallama ce gaban komai. A Zangon Agege, misali, ka fara zuwa wurin shugaban layin ka gabatar da kanka. "Sannu da aiki, Alhaji, ina so in ɗauki inuwar kwandunan nan, fuskar kowa ba za ta fito ba." In aka ce a'a, ka yi godiya ka wuce. Ka nisanci barikin soja, shingen jami'an tsaro da harabar tashar jiragen ruwa. Gwangwani da aka ajiye a ƙasa babu mai shi yana tayar da hankalin mutane, don haka ka tsaya a kansa, ka buɗe wani fanko ka nuna wa wanda ya tambaya. In hoton ya fito, ka buga biyu, ka kai wa mai rumfar ɗaya a zuwanka na gaba.